Ƙuri'ar Malam Maazou

Malam Maazou mutumin Damagaram ne, ni kuwa Ilya ɗan Maraɗi, amma ɗaki ɗaya muka zauna a Belleville lokacin da karatu ya kawo mu Paris, ɗakin da in ɗaya zai yi sallah sai ɗaya ya hau gado. Saboda haka abin da zan faɗa a kansa da idona na gani. In ya ji haushi, ya san hanyar gidana.

Ya gama karatunsa ya samu aiki a wani ɗakin gwajin jini a Bobigny, ya je gida ya auro Zouera, yau ga furfura ta cika masa kai yana nan a wurin aikin nan. Dogo ne, marar gaggawa, mai tafiya kamar yana ɗauke da ƙwaryar nono. Ban taɓa ganin ya yi gudu don ya cim ma metiro, jirgin ƙasan cikin gari, ba. Sai ya tsaya ya bi shi da ido, ya ce wannan ba nasa ba ne.

Wannan halin ne ya kai shi ga besbol. Wata Lahadi muna ɗalibai na ja shi dajin Vincennes mu buga ƙwallon ƙafa. Sau ɗaya aka ba shi ƙwallo, kafin ya yanke shawarar abin da zai yi da ita an ƙwace, sai ya ce wasan yara ne, ya bar mu ya yi gaba. Can ya tarar da waɗansu mutane cikin fararen wanduna a tsattsaye, kowa da ƙatuwar safar fata a hannu guda, ba mai motsi. Ɗaya ya jefa wata 'yar ƙwallo, ɗaya ya kai mata duka da kulki ya kuskure, kowa ya gyara hula, aka ci gaba da tsayuwa. Maazou ya dawo fuskarsa sai ƙyalli take. Ya ce, “Ilya, na samu wasan da mutum zai yi bai zubar da girmansa ba.”

Ga wanda bai san wasan ba, ga shi a taƙaice. Akwai mai jifa, akwai mai duka. In mai duka ya sami ƙwallo, sai ya yar da kulki ya zagaya tashoshi ya dawo inda ya taso kafin a maido da ita. A bayan mai duka kuma akwai wani bawan Allah a tsugune, da sulke a ƙirji da fuskar ƙarfe, shi ke cafe duk abin da aka jefo, shi ke kuma nuna wa mai jifa da yatsu irin jifar da za ta ruɗa mai duka. Shi ne mai cafewa. Ya fi kowa shan wuya, ya fi kowa aiki da ƙwaƙwalwa, ba kuma wanda ke ganin fuskarsa.

Bayan 'yan shekaru Maazou ya kafa ƙungiya. Ya yi ta sintiri a meri, ofishin magajin gari, har aka gaji da shi aka ba shi wani fili wajen La Courneuve da 'yan ƙwallon ƙafa suka raina. Ya tattaro 'ya'yan Nijar da na Cadi da na Kamaru da waɗansu Faransawa masu neman abin yi ranar Lahadi. Ni na raɗa wa ƙungiyar suna, Raƙuman Bobigny, bayan na ga yadda suke gudu. Wani ɗan Venezuela ya taɓa zuwa, ya kalle mu tsawon wasa guda, ya yi mana fatan alheri, ba mu ƙara ganinsa ba.

A ƙarshen kowace shekarar wasa ana ba gwarzon ƙungiya kofi. Maazou ya tsani ƙuri'ar ɓoye, don ya taɓa ganin zaɓen ƙungiyar ɗalibai inda ƙuri'u suka fi mutanen da ke zauren yawa. Sai ya kafa doka: mutum biyar ke zaɓe, kowa zai miƙe a gaban 'yan wasa ya faɗi sunan wanda ya zaɓa da bakinsa, ya faɗi dalili, shugaba ne na ƙarshe. Ya ji daɗin dokar nan ƙwarai. A lokacin ɗansa na fari, Kamalu, rarrafe yake yi.

Mu biyar ɗin kuwa sai addu'a. Akwai Alhaji Sa'ad, ɗan kasuwa daga Cadi, wanda ke kawo gasasshen nama ranar bikin kofi, don haka ba mai iya cire shi. Har yau bai san ta wane ɓangare ake zagaya tashoshi ba. Shi wanda ya fi iya gaisuwa yake zaɓa, ya ce tarbiyya ita ce wasa. Akwai Bouba, direban kar ɗinmu, babbar motar da ke kai mu wasa, mutumin Garwa, wanda ba ya tuna komai sai wasan ƙarshe, a wasan ƙarshen ma ba ya tuna komai sai ƙwallon da ta fi tashi sama. Akwai Madam Claire, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, da ke zama da kujerarta a bayan raga daf da mai cafewa ko ana ruwa. Sai ni, sai Maazou. Kowace shekara sai mun yi gardama a kan ma'anar gwarzo. Bouba ya ce wanda mutane ke zuwa kallo. Madam Claire ta ce wanda in babu shi ƙungiya ta rushe. Alhaji Sa'ad ya ce a yi a gama, nama na hucewa.

Shekaru da yawa abin ya tafi haka nan, ana zaɓen wanda bai cancanta ba cikin lumana. Matsala ta taso ne da Kamalu ya girma ya zama mai cafewa, ya kuma zama irin wanda Raƙuma ba su taɓa gani ba. Yaro ne mai shiru, mai ido. Yana kallon yadda mai duka ya ajiye ƙafa ya san inda rauninsa yake. Mai jifarmu da a da ke jifan tsuntsaye da motocin mutane, a hannun Kamalu ya zama abin tsoro. Muka fara cin wasa. Mu da kanmu abin ya ba mu mamaki.

To amma Kamalu ɗan fari ne, Maazou kuwa Bahaushen da aka yi tun da sauran ƙasa. Tun ranar suna bai taɓa kiran sunan yaron nan ba. “Kai” yake ce masa. In yana maganarsa da wani sai ya ce “yaron nan,” in ransa ya yi fari ya ce “wancan.” Yabo kuwa ba a ma zancensa, a gaban mutane ko kallon kirki ba ya yi masa. Haka ubansa ya yi wa yayansa, ɗan farin gidansu, haka kakansa ya yi, a wurinsa wannan kunyar ita ce ƙaunar. Ita ma Zouera da haka ta fara, amma ofisoshin Faransa suka raba ta da al'adar. Daga asibiti zuwa lakwal, kowace taga ta je sai an ce ta faɗi sunan yaro, ta kuma maimaita, har bakinta ya saba. Maazou bai taɓa zuwa ko taga ɗaya ba, kullum yana da aiki ranar.

A ƙungiyar akwai wani Umar Faruk, ƙato mai fara'a, wanda in ya kai duka goma zai kuskure tara, amma ɗayan da ya samu sai an shiga ciyawa nemanta. Ga shi in ya ga Alhaji Sa'ad tun daga nesa yake cire hula ya durƙusa. Ranar zaɓe Bouba ya miƙe ya ce Umar Faruk. Alhaji Sa'ad ya ce Umar Faruk, ya ƙara da cewa shi wannan Kamalun da ake faɗa bai taɓa ganinsa a fili ba. Aka ce masa shi ne mai fuskar ƙarfe. Ya ce to ai shi ya sa. Ni da Madam Claire muka ce Kamalu. Biyu da biyu, sai kowa ya juya ga shugaba.

Maazou ya miƙe a hankali, ya gyara hula, ya dubi wata bishiya da ke can bayan fili. Ya ce, “Umar Faruk. Yana da ƙoƙari.”

Shekarar da ta biyo haka aka yi, sai dai dalilin ya sauya: Umar Faruk ya ƙara ƙiba amma gudunsa bai ragu ba. Gaskiya ne, don babu abin da zai ragu.

Na same shi a gida na ce, “Malam, wanga abu fa zalunci ne. Mu koma ƙuri'ar takarda mana, ka rubuta abinka ba mai gani.”

“Ni na kafa dokar, ni zan karya ta don ɗana? Me za a ce?”

“To ka ce ba ka zaɓi kowa ba.”

“In aka yi kunnen doki ai shugaba ke raba gardama. Ka manta?”

“Wa ya kafa wannan kuma?”

Ya zuba mini shayi. Can ya rage murya kamar mai ba da labarin sata, ya ce, “Ka ga yadda ya tare waccan ƙwallon ranar da muka je Rouen? Da gwiwa fa. Ilya, ban yi barcin kirki ba don daɗi.”

“To ka gaya mashi mana.”

Ya dube ni kamar na ce ya fita titi ba riga.

A shekara ta uku Umar Faruk ya karye a hannu, rabin shekara yana zaune a benci yana cin gyaɗa. Ya dawo a wasan ƙarshe ya doki ƙwallo ɗaya ta faɗa kan rufin kar ɗin Bouba. Shi ke nan, Bouba ya samu gwarzonsa. Gaisuwa kuwa karaya ba ta hana ta ba. Da aka zo kan Maazou, ya dubi bishiyarsa ya ce Umar Faruk, saboda haƙurin da ya yi da jinya. Madam Claire ta naɗe kujerarta ta ce ita a aji ma ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Umar Faruk, da yake yaron kirki ne, kunya ta kama shi. Ya ɗauki kofin ya nufi Kamalu ya miƙa masa. Kamalu ya girgiza kai ya ce, “Riƙe abinka, mon frère. Ba daga hannunka nake jira ba.”

Na bi shi har inda yake zuba kayansa a jaka. Na fara yi masa bayanin al'ada, ya tare ni.

“Tonton, na sani. Maman ta gaya mini tun ina ƙarami. Kunya, ɗan fari, tout ça. Amma ƙanwata Nuriyya yana kiran sunanta sau nawa a yini? Ni ban damu da kofi ba, franchement. Ina so in san ko yana ganina ne.”

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san amsar amma ba daga bakina take da amfani ba.

Kafin sanyi ya shigo, Kamalu ya nemi aiki a Lyon. Ya karanci tausar masu jinyar ƙashi da jijiya, aikin da ko'ina ana nema, a Paris ma da ya so da ya samu. Ya shiga wata ƙungiyar besbol a can. Yana kiran uwarsa a waya, in aka miƙa wa uban sai gaisuwar da ba ta kai a kira ta gaisuwa ba. Ƙaramar sallah ta zo ta wuce bai zo ba, ya ce aiki. Raƙuma kuwa suka koma halinsu na da, mai jifarmu ya koma kan tsuntsaye. Maazou ya rame. Ya ce wai gishiri likita ya hana shi.

Da bazara aka gayyace mu wata gasar ƙananan ƙungiyoyi a bayan garin Lyon, ƙungiya shida, ta su Kamalu ce mai masauki. Ranar tafiya Zouera ta rako mijinta har bakin kar da kular dambu. Ta ce a gabana, “Malam, cin wasa ko rashinsa ba ruwana. Babbar sallah ta matso. Kada ka dawo mini hannu rabbana.”

Ya ce, “Allah ya kiyaye hanya ake cewa.”

Ta ce, “Na faɗa a zuci.”

A Lyon, da aka haɗa mu da masu masauki, mun ga abin da muka yar. Kamalu ya san kowane raƙumi tun yana yaro. Duk wanda ya zo duka sai ya gaishe shi ta cikin ƙarfe, ya tambayi mutanen gida, sa'an nan ya motsa yatsu biyu, mutum ya kai wa iska duka ya koma benci. Umar Faruk ya juya har sai da ya zauna a ƙasa. Ɗayanmu da ya yi sa'ar isa tasha ta farko ya yi ƙoƙarin satar ta biyu, Kamalu ya jefa ƙwallo daga tsugune ta riga shi isa, ta jira shi. Ina zaune kusa da Maazou. Yana yi wa 'yan wasanmu faɗa, amma ƙafarsa tana rawa a ƙasa, fuskarsa kuma irin wadda ya dawo da ita daga Vincennes ce. Ba mu ci ko ɗaya ba.

Da aka gama gasar da la'asar, aka tara kowa a tsakiyar fili. Wata mata mai gajeren gashi da ke shirya gasar ta ɗauki makirufo ta ce yanzu shugabannin ƙungiyoyi za su zaɓi gwarzon gasa. Kowa zai fito ya faɗi suna, ba a zaɓen ɗan ƙungiyarka. Na dubi Maazou. Ashe dokarsa ta riga shi zuwa Lyon.

Na ga kuma cewa su Bouba ba a Bobigny kaɗai suke ba. Akwai wani ƙato ɗan ƙungiyar Grenoble da ya doki ƙwallo ta faɗa kan rumfar mai sayar da soyayyen dankali, duk filin aka yi ta sowa. Ban da wannan ba abin da ya tsinana a gasar. Shugaba na farko ya ce shi. Na biyu ya ce shi. Na uku ya ce bai kalli sauran wasannin ba yana neman wurin ajiye mota, amma ya ji sowar, don haka shi. Kafin a zo kan Maazou, wanda aka bari ƙarshe saboda furfura, ƙaton ya riga ya lashe, har ya fara goge hannu a wando.

Na raɗa masa, “Malam, an gama. Ka ce na Grenoble ka zauna, ba wanda zai ga laifinka.” Da gangan na faɗa, na san halin mutumina.

Ya tafi da tafiyar nan tasa, ya karɓi makirufo. Ya nemi bishiya, filin ba bishiya. Ya ce da Faransanci, “Mai cafewa na masu masauki.”

Matar ta ce, “Biyu gare su, monsieur. Wanne?”

“Dogon.”

Ta leƙa inda suke tsaye. “Tsawonsu ɗaya. Le nom, s'il vous plaît. Sunansa nake so.”

Raƙuma duka sun san abin da ke faruwa, Faransawa kuwa sun ɗauka tsoho ya manta ne. Wani ma ya matso zai taimaka masa, Madam Claire ta riƙe masa riga. Kamalu yana tsaye da fuskar ƙarfensa a ɗage bisa kai, yana kallon takalminsa. Na ga gumi yana bin wuyan Maazou. Ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa.

“Kamalu,” in ji shi.

Daidai nan lasifika ta yi wata ƙara mai tsinka kunne. Matar ta toshe kunne ɗaya ta ce, “Pardon?”

Ya juyo ya dube ni kamar ni na haɗa wayar. Sa'an nan ya gyara tsayuwa ya faɗa da ƙarfi, yadda har mai dankali sai da ya ɗago kai: “Kamalu. Kamalu Maazou. Ɗana ne.”

Ba a tambaye shi dalili ba, a Lyon ba a tambaya. Amma tunda bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa. Ya faɗi abin da yaron ya yi yau. Ya koma kan ƙwallon da ya tare da gwiwa a Rouen. Ya faɗi ranar da ya yi wasa da yatsa a kumbure bai gaya wa kowa ba, ashe uban ya gani. Faransancin ya ƙare masa ya koma Hausa, Hausar Damagaram tsantsa, yana gaya wa mutanen Grenoble yadda yaron ya fara cafe lemu yana shekara uku. Sau biyu matar tana miƙa hannu, a na uku ta ƙwace makirufonta ta ce merci. Alhaji Sa'ad ya taɓa ni ya ce, “Wai wannan yaron namu ne? To me ya sa ba mu taɓa ba shi kofi ba?”

Aka miƙa wa ƙaton kofinsa, aka yi tafi. Ni Kamalu nake kallo. Ya sauke fuskar ƙarfen ya rufe fuskarsa, alhali an daɗe da gama wasa, kafaɗunsa suna motsi. Ni ma idona ya cika, ba na ɓoyewa. Maazou ya taka har gabansa ya tsaya, ya rasa yadda zai yi da hannuwansa. Daga ƙarshe ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa ƙarfen kamar mai sallama a ƙofar gida.

“Akwai mutum a ciki?”

“Akwai, Baba.”

“Uwarka ta ce sallah ta matso.”

“Zan zo.”

Maazou ya gyaɗa kai. Ya juya zai tafi, ya dawo, ya gyara masa igiyar sulken da ta zame a kafaɗa, ya ce, “Kai, ka ci abinci kuwa? Akwai dambu a mota.”

Kofin ya tafi Grenoble. Ko sunan wanda ya ɗauke shi ban riƙe ba.